Fafutukar 'yancin mahaya babura da adawa da dokar hular kwano

Fafutukar 'yancin mahaya babura wani yunƙuri ne na siyasa da zamantakewa wanda masu hawa babur suka kafa domin kare muradunsu a gaban majalisun dokoki, kotuna da hukumomin kula da hanyoyi. Yunƙurin ya yi ƙarfi a Amurka da Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa shekarun 1970, kuma babban abin da ya haifar da shi shi ne dokar da ta tilasta wa kowane mahayi sanya hular kwano. Yawancin ƙungiyoyin da ke cikinsa ba sa hana mambobinsu sanya hular. Abin da suke ja a kai shi ne wanda ke da hurumin yanke shawara: baligin da ke kan babur ko gwamnati. Likitoci, kamfanonin inshora da hukumomin kiyaye haɗurra kuwa suna nuni da alƙaluman mace-mace da kuɗin jinyar da ke komawa kan jama'a.

A Amurka yunƙurin ya yi nasarar da ba a saba gani ba a fannin lafiyar jama'a. A shekarar 1975 jihohi 47 ne ke tilasta wa kowa sanya hular kwano, amma zuwa shekarar 2024 jihohi 17 kawai da gundumar babban birnin tarayya suka rage a kan wannan doka. A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai dokar ta tsaya daram, sai ƙungiyoyin suka karkata zuwa wasu batutuwa.

Asalin dokar hular kwano

Tarihin dokar yana da alaƙa da mutuwar T. E. Lawrence, jami'in sojan Birtaniya da ya yi suna a yaƙin yankin Larabawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Mayun 1935 ya faɗi daga kan babur ɗinsa ƙirar Brough Superior a gundumar Dorset ta Ingila, ya ji rauni a ka, ya kuma mutu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan asalin Ostireliya. Daga baya Cairns ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur, ya wallafa sakamakon bincikensa a mujallar likitocin Birtaniya a 1941. A wannan shekarar rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa mahayanta sanya hular kwano.

Jihar Victoria ta Ostireliya ce ta fara ɗora wannan doka a kan farar hula, daga ranar 1 ga Janairu, 1961. A shekarun da suka biyo baya babura masu araha daga Japan, irin su Honda da Yamaha, suka cika kasuwannin Amurka da Turai. Yawan mahaya ya ƙaru, yawan masu mutuwa a kan hanya ma ya ƙaru, gwamnatoci suka fara neman mafita ta hanyar doka.

Amurka

Dokar 1966 da shari'o'in farko

A Amurka jihohi ne ke da ikon yin dokokin hanya, don haka gwamnatin tarayya ta bi ta hanyar kuɗi. Dokar Kiyaye Haɗurran Manyan Hanyoyi ta 1966 ta ba ta damar fitar da ƙa'idojin da dole jihohi su bi. Ƙa'idojin da aka fitar a 1967 sun haɗa da tilasta hular kwano ga kowane mahayi, kuma duk jihar da ta ƙi tana iya rasa kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina manyan hanyoyi da take samu daga tarayya. Cikin 'yan shekaru kusan duk jihohi suka bi.

Mahaya sun fara kai ƙorafinsu kotu ne. A 1968 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Michigan ta soke dokar jihar a ƙarar da ƙungiyar mahaya ta AMA ta shigar. A 1969 kotun ƙolin jihar Illinois ita ma ta yanke cewa dokar ta wuce hurumin gwamnati, tunda mahayin kaɗai take karewa. Sai dai waɗannan nasarori ba su yaɗu ba. A shari'ar Simon da Sargent ta 1972, wata kotun tarayya a Massachusetts ta tabbatar da dokar, inda ta ce jama'a ce ke ɗauko wanda ya ji rauni daga kan titi, ta kai shi asibiti, ta biya masa kuɗin rashin aiki, wataƙila ma ta ɗauki nauyinsa da na iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da wannan hukunci. Da ƙofar kotu ta rufe, mahaya suka koma majalisun dokoki.

Kafuwar ƙungiyoyi

Ƙungiyar AMA, wadda aka kafa a 1924, ita ce mafi daɗewa. Da farko ta fi mayar da hankali ga shirya tseren babura, daga baya ta buɗe sashen hulɗa da gwamnati. Matsayinta shi ne tana ƙarfafa sanya hular kwano amma tana adawa da tilasta ta ga baligai.

A farkon shekarun 1970 mujallar Easyriders ta jihar Kalifoniya, ƙarƙashin editanta Lou Kimzey, ta kira masu karanta ta da su haɗa kai. Damuwarsu ta farko ita ce ƙa'idojin da ake shirin yi a kan baburan da masu su suka sauya wa fasali, musamman masu dogon gaba. Daga wannan kira aka sami ƙungiyar ABATE, wadda sunanta taƙaitawa ce ta A Brotherhood Against Totalitarian Enactments, wato 'yan'uwantakar masu adawa da dokokin kama-karya. ABATE ba ta da shugabancin ƙasa guda ɗaya. Kowace jiha tana da tata mai cin gashin kanta, kuma da yawa daga cikinsu sun sauya fassarar haruffan zuwa wadda ke nuni da ilimantarwa, domin samun karɓuwa a wurin 'yan majalisa. A shekarun 1980 aka ƙara kafa wasu ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya, ciki har da Motorcycle Riders Foundation mai ofis a birnin Washinton, wadda aikinta shi ne kamun ƙafa a majalisar tarayya, da kuma National Coalition of Motorcyclists. Taken da ƙungiyoyin suka fi amfani da shi yana cewa a bar masu hawa su zaɓa wa kansu.

Juyin 1976

Zuwa 1975 jihohi uku ne suka rage ba su cika ƙa'idar tarayya ba: Kalifoniya, Illinois da Utah. Kalifoniya ce ta fi kowace jiha yawan babura, kuma mahayanta sun daɗe suna hana ƙudurin wucewa a majalisar jihar. Da Sakataren Sufuri William Coleman ya fara shirin yanke wa jihohin uku kuɗi, mahaya suka yi jerin gwano zuwa Washinton, suka kuma ba da bahasi a gaban kwamitocin majalisa. Sun sami goyon bayan 'yan siyasa masu ra'ayoyi mabambanta, kamar Sanata Jesse Helms mai ra'ayin riƙau daga North Carolina, Sanata Alan Cranston na Kalifoniya mai sassaucin ra'ayi, da ɗan majalisar wakilai Stewart McKinney na Connecticut. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin yadda tarayya ke amfani da kuɗi tana juya jihohi.

A 1976 majalisa ta ƙwace wa Ma'aikatar Sufuri ikon hukunta jihohi a kan hular kwano, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu. Daga lokacin zuwa 1980 fiye da rabin jihohin ƙasar suka soke dokarsu ko suka taƙaita ta ga ƙananan yara da matasa.

Daga 1991 zuwa yau

A ƙarshen shekarun 1980 ɓangaren likitoci da na inshora ya sake yunƙurowa. Dokar sufuri ta 1991 ta tanadi tukuici ga jihohin da ke da dokar hular kwano da ta ɗamarar kujerar mota, ta kuma tanadi karkatar da wani kaso na kuɗin gina hanya zuwa shirye-shiryen kiyaye haɗurra a jihohin da ba su da su. Kalifoniya ta kafa dokarta ta kowa da kowa daga ranar 1 ga Janairu, 1992, bayan Gwamna Pete Wilson ya sa hannu. Wanda ya gabace shi, George Deukmejian, ya ƙi sa hannu a irin wannan ƙuduri har sau biyu.

Wannan matsin lamba bai daɗe ba. A 1995 majalisa ta cire hukuncin, kuma cikin waɗanda suka jagoranci cirewar akwai Sanata Ben Nighthorse Campbell na Colorado, wanda shi kansa mahayin babur ne. A 1998 wata doka ta hana hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, yin kamun ƙafa a majalisun jihohi a kan wannan batu. Daga nan aka shiga sabon zagaye na sassauta doka: Arkansas da Texas a 1997, Kentucky a 1998, Louisiana a 1999, Florida a 2000, Pennsylvania a 2003, Michigan a 2012, Missouri a 2020, sai Nebraska daga farkon 2024. Louisiana ta dawo da dokarta a 2004.

Yawancin sababbin dokokin sulhu ne tsakanin ɓangarorin biyu. A Florida, wanda ya kai shekara 21 yana iya hawa ba hula idan yana da inshorar jinya ta aƙalla dala 10,000. A Michigan sharaɗin shi ne shekara 21, inshorar dala 20,000, da kuma shekara biyu da samun izinin tuƙa babur ko kammala horon tuƙi. Gwamna Jennifer Granholm ta ƙi sa hannu a ƙudurin sau biyu kafin Rick Snyder ya amince da shi a watan Afrilun 2012. Jihohi uku, Illinois, Iowa da New Hampshire, ba su da dokar hular kwano ko kaɗan.

Birtaniya

Dokar hular kwano ta fara aiki a Birtaniya ranar 1 ga Yuni, 1973. A muhawarar majalisa, Enoch Powell yana cikin 'yan ƙalilan da suka soke ta, bisa hujjar cewa bai kamata a mayar da mutum mai laifi ba saboda kasadar da ya ɗauka a kan ransa shi kaɗai. A wannan shekarar Dennis Howard ya kafa ƙungiyar Motorcycle Action Group, wadda aka fi sani da MAG, domin yaƙi da dokar. Kafin ita akwai British Motorcyclists Federation da aka kafa a 1960, wadda ta fi bin hanyar tattaunawa da hukuma.

Mabiya addinin Sikh sun kawo wata hujja ta daban. Addininsu ya wajabta wa namiji barin gashi da naɗa rawani, kuma hular kwano ba ta shiga a kan rawani. Wasunsu sun yi ta karya dokar da gangan ana cin su tara. Sun kuma tuna wa majalisa cewa sojojin Sikh sun yi wa Birtaniya yaƙin duniya biyu da rawaninsu. Sydney Bidwell, ɗan majalisa mai wakiltar Southall a yammacin Landan, ya gabatar da ƙudurin da ya zama doka a 1976, wadda ta keɓe duk Sikh mai rawani daga tilascin.

Mutumin da ya zama alamar wannan gwagwarmaya a Birtaniya shi ne Fred Hill, malamin lissafi mai ritaya wanda ya yi aikin kai saƙo a kan babur lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hill ya ci gaba da hawa babur ba hular kwano, ya kuma ƙi biyan tara, har aka ɗaure shi sau 31. Ya mutu sakamakon bugun zuciya a kurkukun Pentonville na Landan a watan Fabrairun 1984, yana da shekara 74, yana cikin zaman hukuncin kwana 60. Rassan MAG suna shirya jerin gwanon tunawa da shi a watan Fabrairu. Duk da haka ba a soke dokar ba, kuma MAG ta fi mayar da hankali yanzu ga satar babura, ramukan hanya, damar bin layin motocin bas da dokokin lasisi.

Sauran ƙasashen Turai da Kanada

A nahiyar Turai ƙungiyoyin mahaya sun tashi ne a kan haraji da ƙa'idojin ƙera babur fiye da hular kwano. A Faransa an kafa Fédération Française des Motards en Colère, wato tarayyar fusatattun mahaya, a 1980, sakamakon zanga-zangar ƙin harajin shekara da aka ɗora wa manyan babura. A 1998 ƙungiyoyi biyu suka haɗe suka zama FEMA, wadda ke wakiltar mahaya a gaban hukumomin Tarayyar Turai a Brussels. Ɗaya daga cikin manyan nasarorin mahayan Turai ita ce hana ƙayyade ƙarfin injin babur a duk faɗin tarayyar. Faransa, wadda ta daɗe da irin wannan ƙayyadewa, ta ɗage ta a 2016.

A Kanada kowane lardi yana tilasta hular kwano, amma British Columbia da Manitoba sun keɓe mabiya Sikh masu rawani, sannan Alberta da Ontario suka bi sahu a 2018.

Hujjojin masu adawa da dokar

Hujja ta farko ita ce 'yancin mutum a kan jikinsa. Masu wannan ra'ayi sukan jingina ga tunanin masanin falsafa John Stuart Mill, wanda a littafinsa On Liberty na 1859 ya kafa ƙa'idar cewa hukuma tana da hurumin tilasta wa baligi ne kawai domin hana shi cutar da wasu. Suna cewa idan aka yarda gwamnati ta tilasta hular kwano don amfanin mahayi, da wannan hujjar za a iya hana shan taba, hawan dutse, ko ma hawan babur ɗin gaba ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce wariya. Mahaya tsiraru ne a cikin masu amfani da hanya a ƙasashen Yamma, kuma suna ganin an fi samun sauƙin ɗora musu doka. Suna nuni da cewa direbobin mota ma suna jin rauni a ka, amma babu mai tilasta musu hular kwano.

Hujja ta uku ita ce fifita hana haɗari a kan rage raunin haɗari. Ƙungiyoyin suna cewa horar da mahaya, wayar da kan direbobi da gyaran hanya su ne za su hana haɗarin aukuwa tun farko. Rahoton Hurt na 1981, wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta bayan nazarin haɗurra 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa a yawancin karon babur da mota direban motar ne ya shiga gaban babur. Sai dai rahoton ya kuma gano cewa hular kwano ita ce kayan kariya mafi tasiri wajen rage raunin kai.

Akwai kuma hujjojin da suka shafi hular kanta: cewa tana rage ji da gani ta gefe, tana jawo zafi da gajiya, nauyinta kuma yana iya karya wuya. Wani nazari da masanin tattalin arziki Jonathan Goldstein ya wallafa a 1986 ya yi iƙirarin cewa hular tana ƙara raunin wuya idan gudu ya wuce wani mataki, kuma ƙungiyoyin sun daɗe suna kafa hujja da shi. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar da wannan iƙirari ba.

Hujjojin masu goyon bayan dokar

Ɓangaren lafiyar jama'a ya dogara ne a kan alƙaluma. Hukumar NHTSA ta ƙiyasta cewa hular kwano tana rage yiwuwar mutuwar matuƙin babur da kashi 37 cikin 100, ta fasinja kuma da kashi 41. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2008, wadda ta tattara nazarce-nazarce da dama, ta nuna raguwar kusan kashi 42 a haɗarin mutuwa da kashi 69 a haɗarin raunin kai.

Yadda jihohin Amurka suka riƙa kafa dokar suna sokewa ya ba masu bincike damar kwatanta kafin da bayan. A Kalifoniya mutuwar mahaya ta sauka daga 523 a 1991 zuwa 327 a 1992, shekarar farko ta dokar. A Texas yawan masu sanya hula ya sauka daga kashi 97 zuwa 66 bayan sassaucin 1997, a Arkansas kuma daga 97 zuwa 52. A Florida, mutuwar mahaya a shekarun 2001 zuwa 2003 ta haura ta shekarun 1997 zuwa 1999 da kashi 81, alhali a ƙasar baki ɗaya ƙarin kashi 48 ne. Ƙungiyoyin mahaya suna mayar da martani cewa yawan baburan da aka yi wa rajista ma ya ƙaru a lokacin, masu bincike kuma suna cewa ƙarin mace-macen ya zarce ƙarin baburan.

Masu goyon bayan dokar suna ƙara da cewa dokar da ta taƙaita ga matasa ba ta aiki sosai, domin ɗan sanda ba ya iya gane shekarun mahayi yana wucewa a guje. Suna kuma cewa inshorar dala 10,000 ko 20,000 ba ta isa jinyar mummunan raunin ƙwaƙwalwa, ragowar kuɗin kuma asibitoci da baitulmalin gwamnati ke ɗauka.

Wasu haɗurra sun ja hankalin jama'a ga muhawarar. Ɗan wasan fim Gary Busey, wanda ya yi fice wajen adawa da dokar, ya ji mummunan rauni a ka a Kalifoniya a watan Disambar 1988 yana hawa ba hula, daga baya kuma ya koma yana kira da a riƙa sanya ta. A watan Yulin 2011 wani mahayi ya mutu a gundumar Onondaga ta jihar New York yana cikin jerin gwanon ƙin dokar, 'yan sanda suka ce da alama da ya rayu in da yana sanye da hula.

Sauran batutuwan da ƙungiyoyin ke bi

Hanyoyin da aka koya a yaƙin hular kwano, wato rajistar masu zaɓe, cika zauren majalisa ranar muhawara da bibiyar yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a, sun yi amfani a wasu fagagen. Ƙungiyoyin jihohi sun matsa an kafa shirye-shiryen horar da mahaya waɗanda ake biya daga kuɗin rajistar babura. Sun nemi a tsaurara hukunci ga direban da ya shiga gaban babur ya yi kisa. Jihar Washinton a 2011 da Maryland a 2016 sun yi dokokin hana 'yan sanda tsayar da mutum don kawai yana kan babur ko yana sanye da kayan wata ƙungiyar mahaya. A 2016 Kalifoniya ta amince a hukumance da ratsawar babur tsakanin layukan motoci.

Asiya da Afirka

A ƙasashen da babur ya zama abin hawan talaka da hanyar neman abinci, adawa da hular kwano ta fi fitowa daga tsada, zafi, tsabta da al'ada, ba kasafai take zama ƙungiyar siyasa irin ta Amurka ba. A Indiya, Dokar Ababen Hawa ta 1988 ta wajabta hular tare da keɓe Sikh mai rawani, kuma gyaran 2019 ya ɗaga tarar zuwa rupi 1,000. Birnin Pune ya yi suna wajen bijire wa duk yunƙurin aiwatar da dokar. A Vietnam mutane sun daɗe suna yi wa hular laƙabi da tukunyar dafa shinkafa saboda zafinta, amma da aka fara aiwatar da dokar ƙasa baki ɗaya ranar 15 ga Disamba, 2007, tare da tara mai nauyi, fiye da kashi 90 na mahaya a manyan birane suka bi. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yunƙurin tilasta hular a 2006 ya jawo tarzoma har hukuma ta ja da baya.

A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta hular kwano ga matuƙi da fasinja daga ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin shugabancin Osita Chidoka. Farashin hular ya tashi nan take. Kafofin yaɗa labarai sun ruwaito yadda wasu 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa suka riƙa kifa ƙwarya, tukunya ko robar fenti a ka, wasu don kauce wa kamu, wasu don nuna rashin amincewa. Fasinjoji da dama sun ƙi sanya hular da wani ya cire saboda tsoron cututtukan fata, wasu kuma saboda jita-jitar cewa ana iya yin asiri da ita. Masu rawani da mata masu ɗaurin ɗankwali su ma sun koka. Aiwatar da dokar ya yi sanyi bayan ɗan lokaci.

Babbar gwagwarmayar ƙungiyoyin 'yan acaɓa a Najeriya, irin su ACOMORAN, ta fi karkata ga hana su sana'ar gaba ɗaya. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. An hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Jihar Legas ta taƙaita hanyoyin da 'yan acaɓa za su bi a 2012, ta kuma faɗaɗa haramcin a 2020 da 2022, matakin da ya shafi dubban matasa 'yan Arewa da ke wannan sana'a a can.

Matsayin muhawarar

A Amurka mutuwar mahaya babur ta tashi daga 2,116 a 1997 zuwa sama da 6,000 a 2022, kusan kashi 15 cikin 100 na duk mace-macen hanya a ƙasar. Kusan kowace shekara ana gabatar da ƙudurin sassauta doka a jihohin da ke tilasta wa kowa, ana kuma gabatar da na dawo da ita a wasu daga cikin waɗanda suka sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ƙasashe shawarar yin dokar da ta shafi matuƙi da fasinja a kowace hanya, wadda ta wajabta ɗaure igiyar hular a haɓa, ta kuma fayyace ingancin hular da za a sayar.